Maigadin da Ya Kulle Mai Gida a Waje

An ce riga-kafi ya fi magani.
Wanda ya faɗa bai zo Hull ranar Talata ba,
bai hau benenmu na titin Hessle ba,
inda Doreen, mai shekara saba'in da takwas,
ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da sandarta
ina tsaka da kwance takalmin aikin dare.

"Tanimu, ta ƙi tashi," in ji ta,
kamar mai maganar saniyar da ta kwanta a turke.

Na bi ta ƙasa.
Kwamfutar na kan tebur, gefen taga,
an rufe ta da ƙyallen saƙa kamar kwanon baƙo.
Na danna. Ta yi tari, ta yi nishi,
ta buɗe ido shuɗi, ta zubo wasu lambobi,
ta koma barci.
Na sake. Haka. Na sake. Haka dai.

Ba ɓarawo ne ya shigo ba.
Maigadin da jikanta ya ɗaukar mata ne,
fam arba'in a shekara,
ya sami sabon umarni cikin dare,
ya zabura, ya haska tocila,
ya ga mabuɗin gidan a rataye,
ya ce: wannan ban san fuskarsa ba.
Ya cafke shi, ya jefa a kurkuku,
ya ja ƙofa, ya zauna yana jiran tukwici.

Na san irin wannan maigadin.
Mun haɗu a filin jirgi shekara tara baya,
ya juya takardata sau huɗu,
ya dubi hoto, ya dube ni, ya dubi hoto,
kamar satar fuskar nan na yi.
Ban tanka masa ba. Wannan ma ba zan tanka ba.

Sau uku na katse mata numfashi
har ta gaji, ta nuna mini ƙofar baya,
wadda ake shiga a sunkuye,
ba ado, ba sallama, sai baƙin allo da farin rubutu.

Doreen na tsaye a kaina da farantin biskit.
"Hotunan ba komai, ina da su a kwali.
Muryar Kenneth ce a ciki.
Minti shida, yana karanta labarin iskar teku,
yana kuskure da gangan don in yi dariya."

Yatsuna suka yi nauyi.
Ni tawa uwar ba wanda ya naɗi muryarta;
abin da ya rage mini shi ne yadda take jan sunana
idan tuwo ya fara hucewa.

Na lalubi kurkukun. Ga shi nan, ɗan fayil,
bai kai nauyin ƙwayar gero ba,
amma in babu shi gida kango ne.
Na kwance shi. Na ce wa maigadi: je ka sha iska.
Na kashe. Na kunna.

Ɗigo-ɗigon nan suka fara zagaye.
Ruwa na dukan gilashi,
wani tsuntsun teku na zagin unguwa daga kan rufi,
shayina ya yi fata.
Zagaye. Zagaye.

Sai ga tashar jiragen ruwa ta cika allo,
da wani mutum mai hular ulu yana ƙanƙance ido.

Ba ta gode mini ba tukuna.
Ta ja kujera, ta nemo shi da hannu mai rawa,
murya mai tsatsa ta cika ɗakin
tana alƙawarin guguwar da ba ta taɓa zuwa ba.
Doreen ta yi dariya daidai inda ta saba.

"In kori maigadin?" na tambaya daga bakin ƙofa.
"Bar shi," ta ce, ba ta waiwayo ba,
"koya masa fuskokin 'yan gida kawai."

Na ce gobe.
Na ɗauki biskit biyu, na hau sama,
na daɗe ina laluben mabuɗina a aljihu.